Akwatin da Ya Riga Ni Zuwa Kaduna

Kwanakin baya wasu samari 'yan gwangwan suka tsaya a ƙofar gidana da kurarsu da sikelinsu, suka ce an gaya musu akwai wani tsohon ƙarfe a bayan rumfata wanda ba ya aikin komai sai ɓoye wa kaji ƙwai. Na ce su shigo su gani. Suka zagaya shi, ɗaya ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya ce, "Baba, wannan fa zai yi nauyi." Na ce zai yi. Na ba su ruwa suka sha, na raka su har bakin hanya. Tun ranar nan ƙanshin maɗaci ya dawo mini hanci, alhali rabon da a yanka maɗaci a gidan nan jikokina ma ba su yi wayo ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sheme da Tafoki, kuma a zamanin da nake magana ba agogo ke tashe mu ba. Bayan kiran salla sai gizagon Babana, don shi masassaƙi ne, ubansa ma haka. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar zaman mata, ƙotar fartanya, duk daga hannunsa suke fitowa. Kana kwance za ka ji tak, tak, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san za a buɗe masa. Daga nan mata su ɗauka da lugude, sai kuma injin niƙan Baffa, ƙanen Baba, wanda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ya yi tari kamar tsohon mashayin taba kafin ya kama. Yanzu da safe abin da nake ji shi ne babura da wayoyin yara, kowa da tasa waƙar, ba wadda ke jiran wata.

Shekarun nan ne arzikin mai ya shigo ƙasa, ya bi hanya har ya iso mu. Kwanon samira ya kori akushi, gadon ƙarfe ya shiga ɗakin amare, samari kuwa suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙosai a gaban baƙo. Duk wanda ya tafi Kaduna sai ya dawo da salla da rediyo a kafaɗa, da wando mai faɗin ƙafa wanda za a iya ɓoye ɗan akuya a ciki, da takalmi mai tudun da in ya faɗo daga kansa sai an kira mai ɗori. Ni kuwa ina ganinsu zuciyata na tafasa. Ban san shekaruna ba, na dai san gemuna gashi ne da ba su kai a yi musu taro ba, kuma babu katangar da ban haura ba a ƙauyen. Malam Sale, direban babbar motar da ke kwasar auduga, ya riga ya yi mini alkawari: in kaka ta yi, zai ɗauke ni yaron mota. Ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna, kuma ni ne auta, amma wannan bai hana ni kwana ina tuƙa tabarmata zuwa Kaduna ba.

Da na gaya wa Baba, bai ɗaga kai daga turmin da yake rarakewa ba. Ya ce, "To. Cikin mi za ka zuba kayanka?"

Na ce, "Buhu mana, Baba. Kowa da buhu yake tafiya."

Ya ce, "Kowa ba ɗan masassaƙi ba ne. Ɗana ba shi hita garin nan da buhu a ka kamar wanda ya sato dawa. Ka yi akwati na katako da hannunka, ka tahi, ba ni hana ka."

Na yi murna, don na ɗauka aikin yini ne. Sai da na ɗauki gizago na ce zan fitar da falle ɗaya daga gungumen maɗaci na gane inda aka ajiye ni. Gizago yana cin itace ne kamar yadda kaza ke cin tsaba. Na lissafa a raina, in na dage ba ci ba sha, zan gama murfin akwatin a daidai lokacin da haƙorana za su zube.

Ana haka, farkon damina, Baba ya tafi Daudawa kai turame, ya dawo da amalanken shanu tana ciccije. Shanun suna tafe suna waiwayensa kamar za su kai ƙara. Abin da ke kai ya fi ni tsawo: gangar jikin ƙarfe mai wuya kamar raƙumi, wili ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, da ɗan teburin ƙarfe a tsakiya mai tsaga. Injin zarto ne, irin wanda zartonsa ba shi da kai ba shi da gindi, zobe ne dogo da ke zagaya wilin nan biyu. Wani tsohon shagon kafintoci ne aka rufe tun zamanin Turawa, aka jingine injin a gindin mangwaro, mai kula da wurin ya ce wa Baba in yana so ya raba su da shi. Tsatsa ta ci shi har ya koma ja kamar wanda aka yi wa lalle. Zarton ya tsinke, yana naɗe a wuyansa.

Inna ta fito da tsintsiya a hannu ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, wannan raƙumin mi yake ci?"

Baba ya ce, "Tambayi ɗanki. Shi ke son ƙarhe." Ya juyo gare ni. "An ce in shina da lafiya, falle guda kafin ka sha hura ya fidda shi. Ni dai ban san kanshi ba."

Haka na shiga hidimar raƙumi. Ranar farko na zura hannu cikin wilin sama, rina suka fito suka yi mini gaisuwar da sai da na kwana biyu ina kallon duniya da ido ɗaya. Bayan na kore su da hayaƙi, na zauna goge tsatsa da yashi da kananzir, inda ta yi taurin kai na jiƙa mata ruwan tsamiya. Kowane noti sai na lallashe shi da baƙin mai, in bar shi ya kwana, in dawo da safe in roƙe shi. Wasu suka yarda, wasu sai da aka haɗa da guduma. Idan ruwa ya sauko aka taso daga gona, can za ka same ni a ƙarƙashin rumfa, ruwan yana zuba ta bakin zana, ƙasa tana ƙanshi, ni kuma ina shafa ƙarfe ina ganin fitilun Kaduna a cikinsa. A hankali launin ainihi ya fara leƙowa, kore mai duhu irin na ganyen kuka da damina. Ranar da na tura wilin ƙasa da yatsa ya juya shi kaɗai, ya daɗe yana juyawa ba ƙara, na zauna ina kallonsa har Inna ta gaji da kira ta ba kaji tuwona.

Boris ɗin da wilin sama ke juyawa a kansa ya mutu, na samo wani a kasuwar Sheme wajen masu tsofaffin kayan mota. Robar da ke bakin wili ta rududduge, na yanka tsohon tif na cikin tayar keken Baffa na miƙar a kai. Har yau ban tabbata ko Baffa ya gama da tif ɗin ba lokacin da na ɗauka. Saura zarto. Muka kai wa Baba Maƙeri, abokin Baba tun na ƙuruciya, ya jujjuya shi ya ce ƙarfen ya yi siriri, in ya ba shi wutar da yake ba garma zai narke, sai dai a gyare bakin biyu a haɗa su da tagulla. Muna cikin tunanin inda za a sami tagulla mai kyau, sai ga Inna ta aiko da wata tsohuwar munduwarta wadda ta daina sawa. Maƙeri ya gutsuri ɗan kaɗan, ya mayar mata da sauran. Ni na ja zuga-zugi. Haƙoran zarton kuma na wasa su da magagari ɗaya bayan ɗaya, kuma in aka ce mini sun fi mutanen Ƙanƙara yawa ba zan yi musu ba.

Lantarki bai iso mu ba, saboda haka muka huda katangar da ke tsakaninmu da Baffa, aka zuro bel daga injin niƙa. Sharaɗin Baffa ɗaya ne: sai mata sun gama niƙa. Ranar gwaji ƙauye ya taru har kan katanga. Baffa ya murɗa, bel ya kama, raƙumi ya farka da wani irin kuka mai sanyi, kamar iska cikin karan dawa. Na ɗauko guntun itace na tura ina ɗaga kafaɗa. Maimakon ya yanka sai hayaƙi. Na ƙara turawa, hayaƙi ya ƙaru, itacen ya yi baƙi.

Wata tsohuwa daga kan katanga ta ce, "Ashe murhu ne. Ku bari in kawo tukunya."

Baba Maƙeri ya duƙa ya duba bayan an kashe. Haƙoran zarton sama suke kallo, alhali zarton ƙasa yake gudu, wato da ƙeya yake shafar itacen. Ya ce sai an tsinke an sake haɗawa. Na cire shi cike da haushi, na riƙe da hannu biyu ina murɗa shi kamar mai shaƙe maciji, sai kawai ya kufce ya yi wata ƙara ya birkice, cikinsa ya dawo waje, ya kusa tafiya da kunnena. Da na duba, haƙora sun koma kallon ƙasa. Na miƙe na kakkaɓe riga kamar da gangan na yi. Maƙeri ya ce, "Yaron nan shegantakarshi ma albarka gare ta." Muka mayar. Wannan karon itacen ya rabe gida biyu kamar sabulu, dusa ja tana zuba a ƙafata. Baba ya ɗauki fallen ya shafa, ya sansana.

Abin da ba mu lura ba shi ne ramin katanga. Dusar maɗaci ta bi bel ta shiga ɗakin niƙa, ta kwanta ko'ina. Washegari duk unguwa ta ci tuwo mai ɗacin da ya sa jarirai suka tsuke baki tun daga goyo. Mata suka yi wa Baffa taron da ya sa ya haura katanga ya ɓuya wajenmu. Sai da muka toshe gefen ramin da tsumma aka sami zaman lafiya, amma an daɗe in tuwon wata ya ɓaci sai ta ce raƙumin gidan masassaƙa ne.

Na yi akwatina na fari. Ya ɗan karkace, murfin sai an zauna a kai yake rufuwa, amma a idona ko Gwamna albarka. Na kawo wa Baba. Ya jujjuya shi ya ce, "Madalla. Wa za a ba?"

Na ce, "Ba wa kuma? Nawa ne."

Ya ce, "Ka manta gidan da ka hito? Aikin fari na sabon ƙarhe ba shi kwana gida. Ba a saida shi, ba a aje shi. Sadaka ne."

Gaskiya ne, na taso na ga haka. Duk sanda Maƙeri ya ƙera wa Baba sabon gizago, abin da ya fara sassaƙawa da shi sai ya bayar, ko da turmi ne. Ba yadda na iya. Wata dattijuwa daga Tafoki da ɗanta ya biya mata Makka ita ta tafi da shi, tana sa mini albarka ina yaƙe.

Na fara na biyu da sauri, don dawa ta fara fidda kai. Saurin ne ya jawo: ina tura katako da ƙarfi, zarto ya ce tas, ya tsinke. Aka koma wa Maƙeri, munduwar Inna ta ƙara raguwa. Da na gama akwatin, Baba ya ce, "Wa za a ba?"

Na ce, "Haba Baba. Ai an riga an fitar."

Ya ce, "An fitar na tsohon zarto. Wanga ya shiga wuta ya hito. Duk ƙarhen da ya shiga wuta ya hito, sabo ne. Ko ba haka ba, Maƙeri?"

Maƙeri yana tauna goro ya ce, "Jariri ne ma."

Wannan wani yaro da ya sami makarantar horon malamai ya tafi da shi. Zarto ya sake tsinkewa, na gaba wata amarya aka kai garin Sabuwa da shi. Akwatunana suka riƙa fita ƙauyen ɗaya bayan ɗaya suna ganin duniya, ni ina tsaye cikin dusa har gwiwa. Na kai ƙara wajen Inna, ta ce ita ba ta shiga maganar maza, ta miƙo mini munduwa tun kafin in tambaya.

Baba bai taɓa kama injin ba, sai dai ya zauna can gefe da gizagonsa. Wata rana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kana korar itace kamar jaki. Ni da gizago raka shi nike. Ka saurara, shina gaya maka inda shike son bi." Na yi kamar ban ji ba, amma na rage hannu. Sai na fara jin abin da ban taɓa ji ba. Maɗaci yana da muryarsa, ɗorawa tana da tata, ƙirya kuwa gunaguni take. Zarton ma in ya fara tsagewa ba ya tsinkewa sai ya yi gargaɗi, wani ɗan ƙis, ƙis, ƙis a kowane zagaye, ƙasa-ƙasa, wanda in ba ka saba ba ba za ka ji ba. Yammacin kaka, rana tana ratsowa ta zana, dusa tana yawo a cikin hasken kamar garin zinariya, ni da raƙumi muna hira, sai in ɗaga kai in ga har an kira magariba. Akwai ranakun da na manta dalilin da ya sa nake yin akwati.

Daga ƙarshe na yi biyu a jere zarto bai tsinke ba. Na fari aka bayar. Na biyun na ajiye gaban Baba. Kusurwoyinsa sun haɗu ko tururuwa ba ta samun hanya, murfin yana sauka da ɗan numfashi. Ya daɗe yana shafawa, yana neman aibu bai samu ba. Ya ce, "To. Naka ne. Yaushe motar?" Na ce ranar kasuwa.

Inna ta cika rabin akwatin da ƙuli-ƙuli da dakuwa, kayana suka samu sauran wurin da ƙyar. Da sassafe na durƙusa suka sa mini albarka. Baba ya ce in riƙe salla, in kiyayi yatsuna. Inna ba ta fito rakiya ba, ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba ta hura wuta ba tukuna. Motar tana tsaye a bakin hanya, bayan gidaje kaɗan daga namu. Malam Sale ya sa aka ɗaure akwatin can saman buhunan auduga, ya ce in hau in zauna kusa da shi. Na sa ƙafa a kan taya ke nan sai na ji injin Baffa ya yi tari. Na yi mamaki, don lokacin niƙa bai yi ba. Sai kukan raƙumi ya biyo iska, a cikinsa kuma, can ƙasa, ƙis, ƙis, ƙis.

Na san zarton nan in ya tsinke yana bulala. Na san Baba bai san inda ake tsayawa ba. Na ce, "Malam Sale, ina zuwa yanzu." Ya ce shi ba ya jiran ko surukinsa. Na ce yanzu-yanzu, na zuba da gudu.

Na tarar da injin yana juyawa shi kaɗai, ba itace a kai. Baba yana can nesa a mazauninsa, gizago a cinya, ba ya sassaƙa komai. Na zare bel, wili ya yi ta juyawa har ya tsaya.

Ya ce, "Mi ka manta?"

Na ce, "Zarto na kuka, Baba. Ya kusa tsinkewa."

Ya ce, "Ni ban ji komi ba."

Na bi zarton da yatsa har na samo tsagar, 'yar ƙarama kamar gashin ido, na nuna masa. Muna duƙe muna dubawa muka ji motar ta yi ham, ta ja, ƙararta tana raguwa ta wajen Sheme. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinmu. Can Baba ya ce, "Sai a kai ma Maƙeri." Na ce sai a kai. Daga cikin gida muka ji Inna ta fara hura wuta.

Sai bayan rasuwar Baba ne Baffa ya gaya mini cewa da safen nan Baba ya leƙo ta ramin katanga ya ce, "Tada mani injin nan. Gidan ya yi shiru."

Na zauna, na yi ƙofofi da tagogi da bencin makarantu da akwatunan da ban san iyakarsu ba. Munduwar Inna ta ƙare kaf a jikin zarto. Daga baya manyan injinan lantarki suka cika Funtua, injin Baffa ya mutu, dajin da muke saro maɗaci ya zama wurin da ba mai leƙawa, raƙumi ya koma barci. Matasan yanzu jaka mai taya suke ja, kuma ba wanda ke ce musu su tsaya su yi ta da hannunsu. Ban ce sun yi laifi ba.

Akwatin kuwa Malam Sale ya dawo mini da shi bayan an gama kwasar auduga. Kayana suna nan yadda na ninke su, ƙuli-ƙuli da dakuwa ko ɓurɓushi. Ya ce akwatin ya ga Kaduna, ya kwana a tasha, har gadar kogi ya haye, kuma mutane sun yi ta tambayar wanda ya yi shi. Yana nan ƙarƙashin gadona. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi shiru, nakan jawo shi in buɗe in sa hanci. Har yanzu maɗaci yake ƙanshi, da ɗan ƙuli-ƙuli.